Littafin da aka ce in ƙwace daga hannun 'yata

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, wata dattijuwa daga Zumuntar Mata ta ja ni gefe a bakin ƙofar coci. Ta ga 'yata mai shekara 11 zaune a inuwar dalbejiya da littafi a cinya, ta kuma karanta abin da ke bangonsa: The Lion, the Witch and the Wardrobe. Kalma ta tsakiya ce, Witch, wato mayya, ta tsaya mata a rai.

"Malama, ke da ke koyar da yara a makarantar Lahadi, ya za ki bar yarinya tana karatun mayu?"

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ni na saya mata."

Ta yi shiru, sannan ta tuna mini Kubawar Shari'a sura 18, inda aka hana duba da sihiri. Ban yi musu da ita ba. Ta haife ni, kuma damuwarta ta gaskiya ce. Amma maganar ta bi ni har gida, domin irinta nake gani duk lokacin da na duba sharhin masu karatu a Goodreads, shafin intanet na sharhin littattafai, a kan irin waɗannan littattafai. Wasu Kiristoci suna rage wa littafi daraja da zarar sun ga sihiri a ciki. Wasu kuma suna yabon littafi saboda yawan addu'a da ayoyin da ke cikinsa, ko da labarin bai da gishiri. Ni dai na karanta iri biyun, kuma wanda ya cuce ni ba shi ne mai mayya a bango ba.

Ina aji huɗu a makarantar kwana a Jos lokacin da This Present Darkness na Frank Peretti ya shigo ɗakinmu. A 1986 ya fito a Amurka, amma wanda ya iso gare mu bangonsa ya yage, ana karɓa hannu da hannu, kowa kwana uku. Labarin wani ƙaramin gari ne mai suna Ashton, inda wani matashin fasto da wani editan jarida suka gano makircin da ake ƙullawa don mallake garin. Sama da kawunansu kuma mala'iku da aljanu na gwabza yaƙi da takubba, kuma ƙarfin mala'ikun yana ƙaruwa ne gwargwadon addu'ar masu bi. Sunan littafin ma daga Afisawa 6:12 aka ɗauko shi. Babu malamin da ya hana mu karantawa. Ai littafin addu'a ne.

Ba zan yi masa butulci ba, shi ya fara tashe ni addu'a da asuba ba tare da an kaɗa ƙararrawa ba. Sai dai Peretti ya rubuta shi ne a ƙasar da mutane da yawa ke shakkar ko akwai aljanu. Mu kuwa babu mai shakka a cikinmu. Mun taso da labarin mayu da iskokin gindin tsamiya, don haka muka karanta shi kamar jarida. Akwai wata yarinya shiru-shiru a ɗakin, mai yin magana cikin barci. Kafin ƙarshen zangon nan mun kewaye gadonta da dare muna tsauta wa aljani, har da ni, kuma muryata ba ta cikin masu ƙasa. Ta daina cin abinci tare da mu. Da aka dawo hutu, iyayenta sun canza mata makaranta. Shekara ashirin da wani abu ke nan, har yau in na tuna fuskarta a hasken tocila sai cikina ya ɗuri ruwa. Ba marubucin ne ya ce mu yi haka ba, laifin namu ne. Amma littafin ya koya mana neman mugunta a jikin wani, bai taɓa juyo da idona kan kaina ba.

Mai mayya a bangon kuwa, wanda C. S. Lewis ya rubuta, sai da na yi aure na same shi, a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Taminus, cikin Jos. Shi ne na farko da ya fito, a 1950, cikin littattafai bakwai na Narnia. Yara huɗu ne aka kwashe daga Landan saboda ruwan bama-bamai na yaƙin duniya na biyu, suka shiga wani kabad na kaya suka ɓulla wata duniya mai suna Narnia da mayya ta daskarar da sanyi, kullum hunturu amma Kirsimeti ba ya zuwa. Abin da ya kama ni shi ne Edmund, ɗaya daga cikin yaran. Ba aljani ne ya shiga jikinsa ba. Kwaɗayin alewa ne, da haushin yayansa, da son a ce shi ne sarki, suka sa ya sayar da 'yan uwansa. Na san wannan yaron, domin na taɓa zama shi a bakin gadon yarinyar nan. Sai zaki Aslan ya miƙa kansa a kan Teburin Dutse a madadinsa, aka aske masa geza, aka ɗaure shi, aka kashe shi, 'yan'uwan Edmund mata biyu suna kallo daga ɓoye. Da gari ya waye dutsen ya tsage. Na ji wa'azin gicciye sau ba adadi, amma daren da na karanta wannan babin na ajiye littafin na yi kuka.

Lewis bai ce Aslan na cikin Littafi Mai Tsarki ba. Ya bayyana cewa tambaya ce ya yi wa kansa: da a ce akwai wata duniya irin wannan, kuma Ɗan Allah ya shige ta don ceto, wace siffa zai ɗauka? Mu Hausawa mun san wannan hanya. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" yaro ya san tatsuniya ce, bai fita neman Gizo a bayan ɗaki, amma yakan kwana da darasin. Annabi Natan ma da labarin 'yar tunkiyar matalauci ya kama sarki Dauda, har Dauda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa.

Ba na wanke Lewis tas. A The Horse and His Boy na 1954, mutanen Calormen, wata ƙasa a cikin labarin, masu duhun fata ne, masu rawani da lanƙwasassun takubba, daga bayan hamada, kuma galibinsu azzalumai. Kawunnaina biyu Musulmi ne a Zariya, da rawani suke zuwa gidanmu ranar Sallah da nama a hannu. Wannan littafin ban ba 'yata ba tukuna. Sai ranar da za mu zauna mu karanta tare, in nuna mata inda Baturen ya yi kuskure.

Jiya da yamma na je gaida Mama, na tafi da littafin a jaka. Idonta ba ya ɗaukar ƙananan rubutu, sai na ba ta labarin da Hausa tana tsince shinkafa. Da na kai inda ɓeraye suka zo suna gutsurar igiyoyin da aka ɗaure gawar zakin, ta ajiye faifan ta ce, "To shi yaron, ya san abin da aka yi dominsa?" Na ce littafin bai nuna an faɗa masa ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Har yanzu sunan da ke bangon bai kwanta mata ba, ta faɗa mini haka kai tsaye. Amma ta ce in turo mata yarinyar ranar Asabar ta ƙarasa mata sauran.