Inci 16, da manajan da ba ya son a gyara masa

Duk wanda ya yi aiki a shagon bindigogi a Amurka ya san lambar nan: inci 16. Raifil ɗin da bututunsa bai kai haka ba ya faɗa ƙarƙashin dokar bindigogi ta tarayya ta shekarar 1934, sai da rajista ta musamman a ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, kuma riƙe shi ba rajista zai iya ja wa mutum ɗaurin shekara 10. Tunda yanzu na ajiye aikin da nake yi a wani shago a Texas, bari in faɗi yadda lambar ta haɗa ni da manajanmu.

Ka'idar awon a bayyane take. A rufe sakatar bindiga, a zura siririyar sanda ta baki har ta tokari fuskar sakata, a yi alama daidai bakin bututu, a zaro a auna. Birkin baki, wato ƙarfen nan mai huji-huji da ke karkatar da iskar harbi don rage dukan kafaɗa, ba ya shiga lissafi muddin ana iya kwance shi. Sai an mayar da shi na dindindin: ko walda, ko lidi da azurfa a zafin da ya kai digiri 1,100 a ma'aunin Faranhait, ko a huda a sa ƙusa sannan a yi walda a kanta.

Wani kwastoma ya kawo bindiga mai bututun inci 14.5, da birki ɗaure a baki, an shafa masa gam mai riƙe tiredi, wato zanen murɗi na bakin bututu da ake ɗaura birkin a kai. Manaja ya ja tef ta waje, daga jikin bindiga zuwa ƙarshen birki, ya ce ta wuce. Na ce, "Oga, gam ba walda ba ne, kuma ta ciki ake awo." A gaban kwastoma ya tambaye ni ko a ƙauyenmu aka ƙera bindigar. Aka yi dariya. Na haɗiye, amma na ƙi sa hannu a takardar aikin.

Akwai abu na biyu da bai lura da shi ba, kuma shi ne ya fi cin mutane. Birki ba ya ƙara wa bututu dukan tsawonsa, don wajen rabin inci nasa yana hawa ne kan tiredin. Shi ya sa ƙarfen baki na A2 da aka saba gani, ko an yi masa walda a kan inci 14.5, ba ya kai 16. Na kwastoman nan ma da na zura sanda da ɗan kaɗan ya gaza. Doka kuwa ba ta san ɗan kaɗan ba.

Dattijon maƙerinmu ne ya raba gardamar. Ya raba saman bindigar da ƙasanta, ya sa birki mai ɗan tsawo, ya huda, ya sa ƙusa, ya yi walda, ya bar tabon a fili yadda mai bincike zai gani. Da aka zo taron ma'aikata, sai ga manaja yana koyar da awon sanda kamar shi ya gano matsalar. Sunana bai fito ba. Ƙarin albashin da aka yi min alkawari ma ya bi ruwa, wai ba ni da ladabi a gaban kwastoma. Ban ce ya yi don mugunta ba. Na dai ce mutumin da ya shekara da shekaru a sana'ar bai kamata ya auna bututu ta waje ba.

Sauran darussan gajeru ne. Auna bayan walda, ba kafin ta kaɗai ba. Bar ɗan rara sama da 16, kada ka tsaya a kan layi. Dokar jiha daban take da ta tarayya, duba duka biyu. In kuma ka samu manaja irin nawa, rubuta awonka da kwanan wata a takardar aiki, ka ɗauki hotonta a wayarka kafin ka miƙa masa.