Godiya bayan makonni shida

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya aka kwance wa Auta ɗaurin hannunsa, kuma a gaban idona ya ɗaga yatsan da kansa. Rabon da in yi barci irin na daren jiya tun ranar da wuƙar da yake wasan jujjuyawa da ita ta yanke masa yatsa. Kun san komai, ba sai na maimaita ba, ni ma zuciyata ba ta son komawa can.

Maƙwabcinmu mai keke ya roƙe ni kada in ambace shi. Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Bayan isha'i ne, har ya shigar da kekensa gida, ihuna kawai ya ji ya fito ko takalmi babu. Hiramin wuyansa ya cire ya naɗe hannun, ya ce wa yaron ya danne da ƙarfi ya ɗaga sama. Auta bai yi kuka ba duk jinin nan. Sai da muka kusa asibiti ya ce a hankali, "Umma, yatsan ya ƙi tashi. Da me zan rubuta jarrabawa?" Wallahi bakina mutuwa ya yi. Malam ne ya amsa, ko waiwayowa bai yi ba: "Da shi za ka rubuta, in sha Allahu." Ya tsaya da mu har ƙarfe biyun dare, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Allah Ya suturta ka duniya da lahira, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka taɓa ganin irin wannan dare a kan naka.

Likitan da ya ɗinke jijiyar da ke miƙar da manuniyar, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa ce mini "Hajiya zauna mana", da mai yi masa gashin hannun, Allah Ya saka muku da Aljanna. Matan islamiyyarmu da suka yi ta aiko da abinci, Allah Ya bar zumunci.

Sai ƙanina, kawun yaron. Ni niyyata in hana wasan nan har abada. Shi ya zaunar da ni ya ce, "Yaya, shekara guda yana koyon jujjuya abin nan a waya. In kika hana shi, ta aro zai koma yi a ɓoye." A bakinsa na fara jin sunanta, balisong, wadda Turawa ke kamantawa da malam-buɗe-littafi, asalinta daga lardin Batangas na ƙasar Filifin. Ƙota biyu gare ta. Ɗaya tana rufe bayan wuƙar, ɗaya tana rufe kaifin, kuma galibi a jikin ta biyun maƙullin yake. In ka riƙe wannan ka jujjuya, a kan yatsunka kaifin zai sauka. Kuskuren Auta ke nan.

Ashe akwai ta koyo, ba kaifi ba tsini, an huhhuda ƙarfen don nauyinsa ya daidaita da na ta gaske. Sati biyu kawu ya yi yana bincike. Ya ƙi masu arahar nan da aka dasa wa ƙusa ta dindindin, don in suka yi sako-sako babu gyara, ya nemi mai sukurun da ake ɗaurewa. Ya zaɓi mai ƙotar alminiyam, nauyinta bai kai giram 130 ba, saboda kada ta wahalar da hannun da ke warkewa. Da ta iso ya rufe ta ya girgiza kusa da kunnensa, ya ji ko ƙarfen na dukan ƙota, sannan ya bi kowane gefe da yatsa. Ni ma sai da na goga ta a tafin hannuna sau uku kafin hankalina ya kwanta. Ya kuma kafa masa sharaɗi: a ɗaki kawai, a kan katifa, ba fita da ita, domin daga nesa ba mai bambance ta da mai kaifi, wadda a Ingila ma tun 1989 aka haramta sayar da ita. Ƙanina, Allah Ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

Akwai 'yan uwan da muke gari ɗaya, mako shida ko leƙe, sai dai saƙon cewa na yi sake da tarbiyya. Na ji, kuma ya yi mini ciwo. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ta koyon tana cikin durowata a kulle har sai mai gashi ya ba da izini, ya ce sai nan da wasu makonni shida. Ranar Alhamis za mu koma a duba ko zai fara riƙe biro. Ku ci gaba da sa shi a addu'a don Allah.