Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Goggo ta ce ba ni da imani

Makon jiya mun tsaya a inda aka kai ni wurin Goggo, gida na huɗu da na zauna tun rasuwar mahaifiyata ina 'yar shekara 3. Na shiga gidan ina da shekara 15, kuma na riga na haddace darasi ɗaya: kada ka shaƙu da kowa, domin gobe za a ce ka haɗa kayanka.

Autar Goggo, 'yar shekara 6, ita ba ta san da wannan darasi ba. Duk inda na sa ƙafa tana biye da ni kamar jela.

Wata rana kofin gilashi ya fashe a hannunta. Ta miƙo mini hannun tana kuka, "Yaya, Yaya, duba!" Na tsaya ƙiƙam ina kallon jinin yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis. Wallahi abin da ke raina kawai shi ne ni za a sa in goge wurin. Goggo ta shigo a guje, ta sure ta, ta juyo ta dube ni.

"Ke wace irin yarinya ce? Ba ki da imani ne?"

Ko gezau ban yi ba. Abin da Goggo ba ta sani ba, ni kaina na sha tambayar kaina haka.

Sai da na girma na ci karo da binciken John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila. A 1944 ya wallafa bayanin yara 44 da aka kai asibitin da yake aiki a Landan saboda sata. Ya ware 14 ya ce ba sa iya ƙaunar kowa, kuma 12 daga cikinsu an raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci kafin su cika shekara 5. Masana sun soke shi daga baya cewa ya ɗora komai a kan uwa kaɗai, ni ma ina ganin haka, don duk wanda ya tsaya wa yaro tsakani da Allah zai iya cike gurbin. Amma jigon maganarsa ya same ni. Jariri in ya yi kuka aka ɗauke shi aka rarrashe shi, a nan yake koyon cewa kuka yana da mai amsawa. Ni nawa kukan na daina shi tun ina ƙarama, da na ga ba mai zuwa. To ta ina zan san yadda ake amsa na wani?

A daren nan Auta ta lallaɓo da hannunta a naɗe, ta hau gadona. Na ture ta. Ta sake hawowa. Na sake ture ta, ta kama bakin rigata da hannun mai lafiya, ta yi barci a haka.

Abin da Goggo ta tarar da asuba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.