Laraba a ɗakin fayil

Tun da safe na zauna haɗa alƙaluman mace-mace na shekara biyar, wanda shugaban sashenmu ya nema. Ina cikin jera su sai na ga cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun ragu sosai a watannin da muka soma gwada ICD-11, sabon kundin da ke bai wa kowace cuta lambarta. Hankalina bai kwanta ba, don ni nake karɓar katunan da ke saukowa daga ɗakunan jinya, na kuma san masu shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba.

Sai bayan azahar na kamo bakin zaren. A ICD-10, tsohon kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1990, ciwon shanyewar ɓarin jiki yana babi na tara tare da cututtukan jijiyoyin jini. In likita bai bayyana ko jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa ko jijiya ce ta toshe ba, lambar I64 muke rubutawa, kuma a nan wurinmu hakan ya fi yawa, tunda ba kowa ke da kuɗin hoton ƙwaƙwalwa ba. A ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, an mayar da shi babin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyin laka, lambarsa ta koma 8B20.

Na ɗauki takardun na hau wurin shugaban. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenmu ba su daina mutuwa da ciwon nan ba, gida kawai aka sauya masa." Ya daɗe yana duba jadawalin, sannan ya ce kada rahoton ya fita sai an gyara.

Abin ya tsaya mini a rai. Da ya tafi haka, wani zai karanta ya ce an samu sauƙi, har a rage kula da masu hawan jini.

Na sayi littafi mai bango mai kauri a bakin ƙofar asibiti. Kowace cuta da shafinta: tsohuwar lamba, sabuwa, da ranar da muka sauya. Hawan jini daga I10 zuwa BA00, sikila daga D57 zuwa 3A51. Waɗannan ba wuya. Masu wahalar su ne inda lamba ɗaya ta rabu gida biyu ko uku, don dole sai na koma kan katin majinyaci na karanta abin da likita ya rubuta da hannunsa. Na ware wa ƙyandar biri shafi ita ma, tunda a Nuwamban 2022 aka sauya mata suna zuwa mpox.

Magariba ta same ni a shafi na goma sha ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da ciwon suga.