Abin da aikin rigakafi a Baure ya koya min game da ƙidaya

Duk wanda zai yi aikin lafiya ko na ilimi a ƙauyukan Baure ta jihar Katsina, to ya riƙe lissafin takarda da hannu ɗaya kawai. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, ta ba ƙaramar hukumar Baure mutum kusan dubu 200, kuma har yau da ita ake ƙiyasi a ofis, a ɗora kaso a kai a ce ga yawan yaran da za ku samu. Wallahi in ka shiga gari sai ka ga abin ba haka yake ba.

Da rani rabin samarin ƙauye sun tafi ci-rani Kano ko Legas, da damina kuma kowa yana gona kan gero da wake da gyaɗa, gida sai tsofaffi da ƙananan yara, ga Fulani da rugarsu yau tana nan gobe sun yi gaba. Sannan ga boda. Daga Babban Mutum ka miƙa kaɗan kana Nijar, hanyar Magarya, kuma dangi ɗaya ne, mace tana aure can iyayenta na nan, ta zo wankan gida da jariri ta yi wata biyu, to a lissafin wa za ka sa wannan yaron? Mu dai ɗigo muke ba shi, cuta ba ta san shingen kwastan ba.

Tarihi ma sai da ya shigo aikin. Bayan jihadi, da Malam Isiyaku ya karɓi Daura, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Baure suka ci gaba da sarautarsu, sai 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura. Shi ya sa mutanen nan ba sa ɗaukar kansu 'yan ƙauyen bayan gari, kuma sarauta tana da nauyi sosai a wajensu. Ka fara zuwa gaban dagaci ka ce ranka ya daɗe, ya haɗa ka da mai unguwa, shi ne zai lissafa maka gida-gida, har wadda ta haihu shekaranjiya da wanda ya tare da amarya. Ungozoma kuwa ta fi kowa sani, ita ta yanke cibiyar yawancin yaran da muke nema, don haka yanzu kafin mu cika fom sai mun zauna da ita.