Laraba, takardun gwaji da gardamar Hitila

Yau tun safe nake fama da takardun gwajin tarihi na 'yan aji biyar. Tambayar ita ce me ya kawo mulkin kama-karya a Turai tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Kusan kowa bakinsa ɗaya: Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora wa Jamus laifin yaƙi, aka yanka mata diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132, kuɗi ya lalace a 1923, sai ga Hitila. Na ba su maki don ba ƙarya suka yi ba, amma raina bai kwanta ba.

Lalacewar kuɗin kam an yi ta. A Nuwamban 1923 dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, ma'aikaci yana karɓar albashi sai ya ruga kasuwa kafin farashi ya sake tashi. To amma a wannan watan ne Hitila ya gwada juyin mulki a Munich, ya sha ƙasa, ya ƙare a kurkuku. A zaɓen 1928 kuwa jam'iyyarsa ta Nazi kujera 12 kacal ta samu, kashi 2.6 cikin ɗari.

Da na faɗi haka a ɗakin malamai, malamin tattalin arziki ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Haba Malam, ai yunwa ce." Ya kawo rushewar kasuwar hannun jari ta New York a 1929, yadda Amurkawa suka janye bashinsu daga Jamus, gwamnatin Brüning, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ta zaftare albashi, har marasa aikin yi suka kai miliyan 6 a 1932. Ƙuri'un 'yan Nazi suka haura kashi 18 a 1930, suka kai 37 a Yulin 1932.

Na ce masa ya yi gaskiya, amma rabi. Amurka ma ta ɗanɗana kuɗarta, amma ta zaɓi Roosevelt, ba ɗan kama-karya ba. Kuma a Nuwamban 1932 ƙuri'un Hitila raguwa suka yi zuwa kashi 33. Manya ne suka buɗe masa ƙofa. Papen, tsohon shugaban gwamnati, da mutanensa suka lallaɓi dattijo Hindenburg, shugaban ƙasa, ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, suna ganin linzamin yana hannunsu, ga kuma tsoron 'yan gurguzu ya hana su barci. Kafin wata biyu Hitila ya samu ikon yin doka ba tare da majalisa ba.

Italiya ce ma ta fi ba ni hujja. Tana cikin waɗanda suka ci yaƙin, ba wanda ya ɗora mata diyya, amma ita ta riga faɗawa mulkin kama-karya. 'Yan Fasis, jam'iyyar Musolini, kujera 35 suke da ita a majalisa. Masu manyan gonaki da masana'antu ne suka riƙa ba 'yan baƙar riga, wato 'yan bangar Fasis, kuɗi su murƙushe yajin aiki. A Oktoban 1922 Sarki Victor Emmanuel na Uku ya ƙi sa hannu a dokar ta-ɓaci, ya kira Musolini ya kafa gwamnati. Musolinin ma a jirgin ƙasa ya iso Roma daga Milan, ba da yaƙi ba.

Malamin tattalin arzikin ya yi murmushi ya ce, "To Rasha fa? Wane sarki ne ya gayyaci Stalin?" Na ce wannan hanyarta daban, ta juyin juya hali da yaƙin basasa ce. Kafin in ƙarasa aka kaɗa ƙararrawa, ya ɗauki allinsa yana cewa gobe ma rana ce, bai sallame ni ba.