Godiya Bayan Wata Uku Ina Jiran Sakamakon Gwajin Ƙoda

Alhamdulillahi. Jiya likita ya miƙo min takardar gwaji na uku, ya ce ƙodata lafiya lau. Wata uku ke nan da aka ga furotin a fitsarina, abin da kan iya zama alamar ƙoda ta fara taɓuwa, ni kuwa shekarata 34 ina allurar insulin saboda ciwon suga, don haka hankalina ya tashi matuƙa. Ashe zazzaɓin da ya kwantar da ni a lokacin ne ya jawo. Gwaji biyu da aka sake sun fito tas, an haska cikin idona ma ba a ga komai ba.

Duk wanda ya kira, ya aiko da saƙo, ko ya sa ni a addu'a, na gode. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Da yawanku kun tambaye ni mene ne sirrin da ya sa ciwon bai taɓa min ido ko ƙoda ba. Gaskiya rabin amsar mutane ne, kuma su nake so in gode wa.

Mama ce kan gaba. Ina ɗan shekara 12 aka gano ciwon sugana. Da tsakar dare takan zo ta ɗora tafin hannunta a goshina, ta ji ko na jiƙe da zufa, don ta san alamar suga ya faɗi ke nan. Duk awon da aka yi sai ta rubuta a wani ɗan littafi. Sai da na girma na san darajar wannan wahala tata. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, kan mutum 1,441, ya nuna cewa riƙe suga da kyau ya rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin 100. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen, sai aka ga amfanin kulawar shekarun farko yana bin su shekara da shekaru. Mama, kin yi min tanadin da har yau nake cin moriyarsa. Allah Ya ƙara miki lafiya.

Sai uwargida, wadda kullum da dare take haska tsakanin yatsun ƙafata da tocila, ko akwai ciwon da ban ji ba. Da likitana, wanda bai tsaya kan suga kaɗai ba, ya matsa min kan hawan jini da kitsen jini har na ji kamar ya takura min. Likita, yanzu na gane, na gode.

Ɗaya rabin kuwa kyauta ce daga Allah. Cibiyar ciwon suga ta Joslin da ke Boston a Amurka tana ba waɗanda suka shekara 50 suna allurar insulin lambar yabo. Da aka binciki waɗannan mutane, an tarar kusan 4 cikin 10 ba su da mummunan ciwon ido, mafi yawansu kuma ƙodarsu ƙalau. Da yawansu jikinsu yana yin ɗan insulin har yanzu, kuma an gano wasu sinadarai a idonsu da ƙodarsu da ke ba su kariya. Wannan ba ƙoƙarin mutum ke kawo shi ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an ce wanda ciwon ya taɓa masa ido ko ƙoda sakaci ya yi. Ina da aboki da ya fi ni kiyayewa nesa ba kusa ba, yau shekararsa biyu ana yi masa wankin ƙoda. A watannin nan uku, shi ne yake kirana daga kan gadon wankin, muryarsa a gajiye, yana ce min in kwantar da hankalina. Ɗan'uwa, ban san da bakin da zan gode maka ba. Don Allah addu'ar da kuka yi min, ku yi masa irinta.